Oscar, AMAA, AMVCA ko FESPACO: Jerin Wa Ya Cancanci Datarka da Darenka?

Daga Disamba zuwa Mayu, sunayen fina-finan da suka shiga takarar lambar yabo ba sa yankewa a waya. Oscar takan fitar da 'yan takararta a Janairu ta raba kyaututtuka a Maris, gasar AMVCA ta Legas da bikin fim na Cannes a Faransa su biyo baya a Mayu, gasar fina-finan Afirka ta AMAA kuma sai wajen ƙarshen shekara. Ma'aikacin da ya tashi daga Sakatariya a Abuja ƙarfe biyar, ya sha cunkoson Nyanya da Mararaba ko na hanyar Kubwa, in ya yi isha'i ya ci tuwo, abin da ya rage masa kafin barci bai wuce awa biyu ba. Sai ya ɗauko fim ɗin da ake ta kurantawa, bayan rabin awa ka ji yana cewa, "Wai wannan ne aka ba kyauta?" Ya kashe. Data ta tafi, dare ya tafi.

Galibi abin da ya faru shi ne ya bi jerin da ba irin abin da yake nema ake tarawa a ciki ba. Kowace gasa tana da masu zaɓenta, tana da ƙa'idar shigarta, kuma waɗannan biyun ne suke haifar da irin fim ɗin da take fitarwa. Wanda ya san su, tun kafin ya danna zai iya hasashen ko fim ɗin na falo ne da iyali, ko na kaɗaici, ko kuwa sai an je sinima.

Oscar ba jeri ɗaya ba ne

Tun 1929 ake raba Oscar, kuma masu jefa ƙuri'a a yau sun kai kimanin mutum dubu goma, kusan dukansu ma'aikatan fim. A matakin fitar da 'yan takara kowa cikin sana'arsa yake zaɓe: jarumai su zaɓi jarumai, masu tace hoto su zaɓi 'yan'uwansu. Rukunin gwarzon fim ne kowa yake sa hannu tun farko, fina-finai goma ake fitarwa, sannan a zagayen ƙarshe mai zaɓe ya jera su daga na ɗaya zuwa na goma. Wannan jerawar tana da tasiri. Fim ɗin da mutane da yawa suka sa a na biyu ko na uku yana iya doke wanda wasu tsiraru suke mutuwar so amma sauran suka jefa shi ƙarshe. Don haka wanda ya ci yakan kasance fim mai tafiya da kowa a idon 'yan fim na Amurka da Turai. Wannan bai sa ya zama mai tafiya da falon Bahaushe ba.

Abu biyu ke kawo cikas a wannan jeri. Na farko tsawo. Oppenheimer, wanda ya kwashe kyauta bakwai a 2024, minti 180 ne, kuma yawancinsa magana ce cikin ɗakunan taro, da Turanci mai sauri, ana tsalle tsakanin shekaru daban-daban. Wanda ya fara shi ƙarfe goma na dare bayan gajiyar ofis ba zai kai ƙarshe da idonsa biyu ba. Na biyu shi ne tsiraici. Anora, wanda ya ci gwarzon fim a 2025, labarin mai rawa ce a gidan holewa, kuma tun mintunan farko akwai abin da ba za ka so ɗanka ko surukarka su shigo su tarar a allo ba. Alamar Oscar a jikin fosta ba ta ce komai game da tarbiyya, ba kuma aikinta ba ne. Aikinka ne ka duba. A shafin IMDb kowane fim yana da sashen gargaɗin iyaye, inda ake lissafa tsiraici, zagi, jini da shaye-shaye ɗaya bayan ɗaya. Minti biyu sun isa. In a sinimar Najeriya ake haska shi, duba lambar da hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta ba shi: G, PG, 12, 15 ko 18.

Jerin Oscar da ya fi amfani ga mai kallo Bahaushe, a ganinmu, shi ne na fim ɗin ƙasashen waje. Kowace ƙasa fim ɗaya take aikawa, a tace su zuwa 15 a Disamba, a rage zuwa biyar a Janairu. Wanda zai yi zaɓen biyar ɗin nan sai ya kalli duka 15 ɗin. Kada ka jira biyar ɗin ƙarshe, ɗauki jerin 15, domin a nan ake samun labaran da suka yi kama da rayuwarmu: gado, bashi, aure, gudun hijira, uba da ya tsufa. A Separation na Asghar Farhadi daga Iran, wanda ya ci kyautar a 2012, misali ne mai kyau. Miji da mata suna gaban alƙali, tsohon uba ya rikice ba ya gane mutane, an ɗauko matalauciya mai juna biyu ta kula da shi, daga ƙarshe magana ta kai ga rantsuwa da Alƙur'ani. Babu abin da za ka kawar da kai saboda shi, kuma in an gama sai an yi gardama a gidan kan waye mai gaskiya.

Ƙa'idar wannan rukuni ta shafe mu kai tsaye. Dole fiye da rabin maganar fim ta kasance ba Turanci ba, abin da ya sa aka cire Lionheart na Genevieve Nnaji a 2019. Bayan nan Najeriya ta aika The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a Taraba da Hausa da Fulatanci, sannan a 2024 ta aika Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, wanda aka ɗauka a Daura da Adam A. Zango a ciki. Babu wanda ya shiga cikin 15 a cikinsu. Akwai kuma sharaɗin sai an haska fim a sinima kwana bakwai a jere, don haka fina-finai masu dogon zango da Kannywood ta koma yi a YouTube da tashoshin talabijin ba su ma cikin lissafi, komai kyansu. A lura da wannan bambanci in ana karanta talla: "wanda Najeriya ta aika Oscar" daban, "wanda ya shiga takarar Oscar" daban.

AMAA da AMVCA: sunan ya yi kama, aikin ya bambanta

Mutane da yawa suna rikita waɗannan biyun. AMAA marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ce ta kafa ta a 2005, an fara a Yenagoa ta jihar Bayelsa, kuma kwamitin alƙalai ne yake zama ya kalli fina-finan da aka turo daga faɗin Afirka da 'yan Afirka mazauna waje. Babu ƙuri'ar masoya. AMVCA kuwa ta kamfanin MultiChoice ce mai tashoshin Africa Magic, an fara ta a 2013, a Legas ake yi, kuma wasu rukunai jama'a ke zaɓa ta intanet, wasu alƙalai.

Abin da wannan yake nufi ga mai kallo a bayyane yake. A rukunin da jama'a suka zaɓa, wanda ya fi yawan mabiya a Instagram da ƙwazon roƙon ƙuri'a shi ke da rinjaye. Wannan yana gaya maka fim ɗin ya shahara, kuma shahara ba abin raini ba ce: yawanci labarin yana tafiya da sauri, fuskokin sanannu ne, ba za ka yi hamma ba. In kana son sanin ingancin aiki a AMVCA, duba rukunan da alƙalai suke yankewa, kamar ba da umarni, ɗaukar hoto, tace hoto da sauti. Fim ɗin da ya bayyana a uku ko huɗu daga cikin waɗannan, da wuya ya ba ka kunya.

A da AMVCA tana da rukunin Hausa zalla, inda Mansoor na Ali Nuhu ya ci a 2018. Daga 2024 aka haɗe Hausa, Yarbanci da Ibo a rukuni ɗaya na harsunan Afirka ta Yamma. Wannan sauyi ya yi wa 'yan fim ɗin Arewa tsada, domin yanzu fim ɗin da aka yi da ɗan abin hannu a Kano ko Jos yana kokawa ne da manyan fina-finan tarihi na Yarbawa da aka zuba wa kuɗi mai yawa. Saboda haka in ka ga fim ɗin Hausa ya kutsa wannan rukuni a yanzu, ka neme shi, ba da sauƙi ya shiga ba.

Fina-finan AMAA sun fi nauyi a zuciya. The Milkmaid ya ci gwarzon fim a can a 2020, Maryam Booth kuma ta karɓi kyautar mataimakiyar jaruma a cikinsa. Labarin 'yan'uwa mata biyu ne masu tallar nono da 'yan ta'adda suka afka wa ƙauyensu. Ga wanda ya rasa wani a rikicin Arewa maso Gabas, ko yake da ɗan'uwa a hannun masu garkuwa, wannan kallo ba nishaɗi ba ne, kuma ya kamata a faɗa masa kafin a kunna. Matsalar AMAA ɗaya ce, samuwa. Fim daga Uganda ko Mozambik yana iya shiga rukuni takwas, ka neme shi a Netflix, Prime Video da YouTube ka rasa, wani lokaci har shekara biyu. Na AMVCA kuwa yawanci suna nan a tasha ko a manhaja tun kafin a yi bikin.

In za a taƙaita tsakanin biyun: daren Juma'a da iyali, bi AMVCA bayan ka duba lambar shekaru. In kai ɗalibin fim ne, ko marubuci, ko kana son ganin yadda sauran Afirka suke ba da labarinsu, AMAA ce taka, musamman rukunin fim cikin harshen Afirka da aka sa wa sunan Ousmane Sembène.

FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a Burkina Faso, ta girme AMAA da AMVCA, tun 1969 ake yi, shekara biyu-biyu, babbar kyautarta Dokin Zinariya na Yennenga. Ɗan Najeriya Newton Aduaka ya ɗauko shi a 2007 da Ezra. A 1987 kuma Sarraounia na Med Hondo ne ya ci, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Nijar wadda ta tunkari rundunar Faransa a 1899, tarihin da ya kamata kowane Bahaushe ya gani a allo. Yawancin fina-finan nan da Faransanci, Bambara, Wolof ko Larabci suke zuwa. Cannes kuma alƙalai ƙalilan ne, ba su kai goma ba, ana canza su kowace shekara, don haka zaɓinsu ya dogara da waɗanda suka zauna a wannan shekarar. A can ne za ka haɗu da fim ɗin da kyamara take tsayawa minti uku kan fuskar mutum ba ya cewa uffan, da wanda yake ƙarewa ba a warware komai ba. Kada mai fara kallon irin waɗannan ya fara da Cannes.

Inda ka kalla yana iya kashe fim mai kyau

Da yawan hukuncin "bai yi ba" ba daga fim ɗin yake fitowa ba, daga allon ne. Ɗauki Timbuktu na Abderrahmane Sissako, wanda ya shiga biyar ɗin ƙarshe na Oscar a 2015. Akwai wurin da makiyayi da masunci suka yi faɗa a bakin kogi saboda saniya. Bayan harbi ya tashi, daraktan ya janye kyamara can nesa, kogin ya cika allo daga wannan gaɓa zuwa waccan, makiyayin yana ratsa ruwa yana gudu ta gefe ɗaya, masuncin yana ƙoƙarin miƙewa ta ɗaya gefen har ya faɗi. A babban allo, numfashinka sai ya tsaya. A wayar inci shida cikin motar haya a Area 1, da rana tana dukan gilashi, ɗigo biyu kawai za ka gani, ka ce an ɓata maka lokaci.

Sinima ita ce ta fi dacewa da fim ɗin da aka sa a takara saboda hoto ko sauti. A Abuja akwai Silverbird a tsakiyar gari da kuma Jabi Lake Mall, akwai Genesis a Ceddi Plaza. Amma gidajen sinima kasuwa suke yi, barkwancin Legas da fina-finan faɗa na Amurka su ke cika kujeru, musamman a Disamba, don haka fim mai natsuwa in ya zo ba ya daɗewa. In ka gan shi a jadawali, je a makon farko, ranar aiki da rana, lokacin da zauren ya fi shiru kuma tikiti ya fi sauƙi. Yi lissafin salla. Fim mai minti 180 da aka sa ƙarfe huɗu da rabi, in ka ƙara tallace-tallacen farko, sai wajen takwas saura kwata za ka fito, magariba ta wuce. Wanda aka fara sha biyu da rabi ko bayan isha'i ya fi.

Bukukuwan fim su ne hanyar ganin waɗanda ba sa zuwa kasuwa. Bikin Zuma, wanda Hukumar Fina-finai ta Najeriya mai hedikwata a Jos take shiryawa a Abuja cikin Disamba, yana kawo gajerun fina-finai da na ɗalibai, kuma sau da yawa daraktan yana nan za ka iya yi masa tambaya. Cibiyar Al'adun Faransa a Wuse 2 ma takan haska fina-finan Afirka masu magana da Faransanci.

A gida kuwa sai an gyara talabijin, kuma wannan shi ne abin da aka fi sakaci da shi. Yawancinsu daga shago suke zuwa a kan Vivid ko Dynamic, launi ya yi kau, fatar mutum ta koma kamar an shafa mata manja. Mayar da shi Movie, Cinema ko Filmmaker Mode. Fim hoto 24 ake ɗauka a daƙiƙa, talabijin ɗin zamani kuma yana ƙirƙiro wasu hotunan ya cusa a tsakani don motsi ya yi santsi, sai aikin da aka kashe wa miliyoyi ya koma kamar bidiyon biki. Kashe wannan: a LG sunansa TruMotion, a Samsung Auto Motion Plus, a Sony Motionflow. Masu inbata sukan kunna tsarin tsimin wuta, shi kuma yana rage hasken allo, duk wurin da aka ɗauka da dare sai ya zama baƙi ƙirin. Kashe shi na awa biyun nan, ka kashe fitilar da ke fuskantar allo. Baƙaƙen layukan sama da ƙasa ba matsala ba ne, faɗin hoton ke nan, in ka danna zuƙowa don su ɓace ka yanke mutanen da ke gefe. Ga talabijin mai inci 43, zauna kamar mita biyu daga gare shi.

Sai ƙorafin da kowa yake yi: kiɗa da harbi suna fasa kunne, magana kuma ba a ji. Dalili shi ne an haɗa sautin don lasifika shida, maganar jarumai tana fita ta ta tsakiya. In talabijin mai lasifika biyu ya matse su wuri ɗaya, maganar ce take nutsewa, ga kuma ƙarar janareton maƙwabta. Shiga zaɓin sauti a manhajar ka ɗauki wanda ba a rubuta 5.1 a jikinsa ba, ko ka kunna tsarin fito da murya da ke cikin talabijin. In kai kaɗai ne, iyafis mai kyau ya fi lasifikan talabijin nesa ba kusa ba.

Lissafin data: a Netflix hoto na matsakaici yana cin kusan giga ɗaya a awa, mai kyau sosai yana kai wa uku, 4K har bakwai. In ka ƙudurta kallon duka goman Oscar, a ƙaddara kowanne awa biyu da rabi, awa 25 ke nan, wato giga 25 a matsakaici, 75 a mai kyau. Ga fim ɗin da magana ce ƙarfinsa, matsakaici ya wadatar. Ga wanda duhu ya yi yawa a ciki, ƙaramin inganci yana farfasa baƙin ya zama dabbare-dabbare, a nan kam kada ka yi tsimi. Sauke shi tun da rana inda intanet take da ƙarfi ya fi ka kalla kai tsaye yana tsayawa a tsakiyar magana.

Kofen masu turi a waya, musamman a watannin farko, sau da yawa da kyamara aka sato shi a cikin sinima: hoto a karkace, tarin mutane a cikin sauti, tallar caca tana ratsa allo, rubutun fassara yana gaba ko baya da maganar. Ba za ka iya yi wa fim adalci da irin wannan ba. In kuma na gida ne, kuɗin da mai shi zai yi na gaba da su ne aka cinye.

Rubutun fassara na ƙasan allo shi ma sai da sabo. Mun taso da Indiya-Hausa, inda mai fassara yake ɗauke maka nauyin karatu har ya ƙara da nasa gishirin. A nan layi biyu ne, ba sa wuce daƙiƙa bakwai, in ka duba saƙo ɗaya a WhatsApp zaren ya tsinke. Ajiye wayar a wani ɗaki. In akwai wanda karatun Turancinsa bai yi sauri ba a cikin masu kallo, a yarda tun farko za a riƙa tsayarwa ana yi masa bayani, kuma a zaɓi fim ɗin da bai wuce minti 100 ba.

Bayan an gyara duk wannan, ba fim minti 25. In zuwa lokacin ka san waye babban mutumin labarin, ka san abin da yake nema, kuma kana son sanin ko zai samu, ci gaba ko da tafiyar tana da sanyi, irin waɗannan a rabin ƙarshe suke biya. In ba ka san ko ɗaya daga cikin ukun ba, tsaya, duba rukunin da aka sa shi takara. Wani fim ɗin saboda sutura ko kwalliya kawai ya shiga, wani saboda rawar da jaruma ɗaya ta taka, ba wanda ya ce labarinsa ne ya yi fice. In haka ne, kalli abin da aka yabe shi a kai, sauran ka bar shi ba tare da jin ka gaza ba.

Ga wanda dare huɗu kawai yake da su a wata: biyu ga jerin 15 na Oscar, a fara da na Iran ko na wata ƙasar Afirka, ɗaya ga fim ɗin AMVCA da alƙalai suka yaba a kalla da iyali, na huɗun kuma a ajiye shi don duk ranar da wani fim na AMAA ko FESPACO ya faɗo Abuja, domin shi in ya wuce ba lallai ya dawo ba.